Makwancin Manyan Motoci: Yadda Ƙungiyoyin Direbobi ke Kafa Zango a Hanyar Sakkwato zuwa Legas

Direban babbar mota da ke jigilar albasa, shanu ko siminti tsakanin Sakkwato da kudancin Najeriya ya fi kwana a hanya a kan gidansa. Motar ce ɗakinsa. Bayan kujerar tuƙi akwai ɗan gado, ƙarƙashin bodi akwai akwatin ƙarfe da ake zuba risho da tukunya da ɗan garin kwaki, ga jarkar ruwa ɗaure a gefe, ga buta da darduma. Abin da motar ba ta iya sama masa shi ne wurin da zai tsayar da ita ya runtsa hankali kwance.

Wanda duk ya ratsa Boɗinga ko Shagari bayan magariba ya ga alamar wannan buƙata. Tireloli na jere a kafaɗar titi, taya ɗaya kan kwalta, ɗaya cikin rairayi. Yaran mota na bi da guntun ƙarfe suna bubbuga tayoyi don jin wadda ta sace, direbobi na alwala a gindin mota, ƙananan motoci da 'yan kabu-kabu kuma na kutsawa ta ɗan abin da ya rage na hanya.

Inda aka samu tsari, ƙungiyar direbobi ce ke neman fili, ta kewaye shi, ta sa maigadi, ta ce wannan na 'ya'yanta ne. Inda ba a samu ba, titin da kowa ke bi shi ke zama makwanci.

Hanyar da ba ta da abokiyar tarayya

Titin da ya bi ta Boɗinga da Shagari wani yanki ne na babbar hanyar tarayya mai lamba A1. Ta taso daga Legas, ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega da Tambuwal, ta shiga Sakkwato, ta ƙare a Illela kan iyakar Nijar. Daga Sakkwato zuwa Legas tafiya ce ta kilomita dubu ko kusa da haka.

Layin dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba. A zamanin Turawa ya tsaya ne a Ƙauran Namoda. Saboda haka duk wani kaya mai nauyi a kan taya yake shiga jihar, a kan taya yake fita: simintin Kalambaina, albasar fadamun Goronyo da Wurno, dabbobin kasuwar Illela, da man fetur da tankoki ke haurowa da shi daga kudu.

Tirela mai lodi ba ta gama wannan tafiya a yini guda. Idan hanya ta yi kyau, kwana biyu zuwa uku ne. Idan ta ɓaci, sai yadda hali ya yi. Lokacin da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a daminar 2017, motoci sun yi kwanaki a layi. Haka aka gani a Illela bayan rufe iyakokin ƙasa a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta sa direbobi da yawa suka daina ratsa wasu dazuzzuka da dare, suna tsayawa su jira gari ya waye su tafi a ayari.

Gadon fatake

Tsayawa a wuri sananne, ƙarƙashin shugaba sananne, tsohon abu ne a wannan yanki. A ƙarni na 19 ayarin fatake na tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro, su bi ta Jega da Yawuri, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu har Salaga, a ƙasar Gana ta yau. Kambarin Barebari na Gummi suna cikin waɗanda suka shahara da wannan fatauci, tare da Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano da Katsina.

Madugu ne ke yanke inda za a ya da zango. Shi ke sasantawa da sarkin gari kan kuɗin da za a biya, shi ke raba wa kowa wurin sauke kaya, shi ke tsara gadi, shi ke raba gardama. Wanda ya shiga ayari ya biya nasa kason ya samu kariya. Wanda ya ware kuwa, tsakaninsa da 'yan fashi.

Wasu zangunan sun zama unguwanni na dindindin, irin su Zangon Kumasi, Sabon Zango na Ankara da Sabo ta Ibadan, inda masu masauki ke karɓar baƙo, su ajiye masa kaya, su tsaya masa wajen ciniki. Jakuna da takarkarai sun ba mota wuri, amma buƙatun matafiyi ba su canza ba: fili, ruwa, tsaro, da wanda zai tsaya masa idan rigima ta tashi a garin da bai san kowa ba.

Su wa ke riƙe da tasha

Ƙungiyoyi uku ne suka fi taɓa rayuwar direban babbar mota. Akwai NURTW, ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa, wadda ta samu siffarta ta yanzu a 1978 lokacin da gwamnatin soja ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago. Ita mutane ke nufi idan sun ce “yuniyon”, kuma tana da ɓangaren manyan motoci. Akwai NARTO ta masu motocin. Sai PTD, reshen direbobin tanka a ƙarƙashin ƙungiyar NUPENG, wanda yajin aikinsa na kwana biyu ya isa ya haddasa layi a gidajen mai.

A bisa tsarin mulkin 1999, kafa tashoshin mota da kula da su aikin ƙaramar hukuma ne. A aikace, ƙaramar hukuma takan tsaya ga karɓar haraji, ta bar wa yuniyon tafiyar da harkar yau da kullum. Kowane reshe na da ciyaman, sakatare da ma'aji, a ƙarƙashinsu kuma 'yan kamasho masu haɗa mai kaya da mai mota.

Fili, kuma filin wa

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne makwanta da yawa ke mutuwa tun kafin su tsaya da ƙafarsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce shugabannin reshe su je gaban uban ƙasa ko shugaban ƙaramar hukuma su roƙi a nuna musu fili a bakin gari. Sau da yawa da baki ake bayarwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, amma ba kowane reshe ke bin sawun takardar ba. Shekara goma sai gari ya cim ma wurin, filin ya yi daraja, magada su taso ko sabuwar gwamnati ta ce tana son gina kasuwa. Ranar ce ake gane cewa alkawarin baki ba ya tsayawa a kotu.

Wasu rassan haya suke kamawa daga mai gona, shekara-shekara. Wannan na hana su zuba kuɗi, domin ba wanda zai haƙa rijiyar burtsatse a filin da za a iya tashinsa baɗi. Akwai kuma gidajen mai masu faɗin harabar da ke barin direba ya kwana muddin a wurinsu ya sha gas. Wannan ciniki ne tsakanin mutum biyu, ƙungiya ba ta da ta cewa a ciki.

Ko an samu filin, ba kowace ƙasa ke ɗaukar tirela ba. Buhu 600 na siminti tan 30 ne, ban da nauyin motar kanta, kuma kowa ya san ana ɗora fiye da haka. Filin da ya yi kyau da rani, ruwan Agusta ɗaya zai mai da shi tarko. Sai an zuba marmara an daddaɓe, an fitar da magudanar ruwa, an buɗe ƙofa mai faɗin da doguwar mota za ta karya kwana ba tare da ta tare titi ba. Makwancin da ƙofarsa ke kan kwana ko kan gangara, haɗarin da zai jawo ya fi wanda zai hana.

Bayan ƙasa sai ruwa da banɗaki. Masallaci kan riga komai tashi, ko da na langa-langa ne. Katanga ce ke zuwa daga ƙarshe, in ma ta zo. Kafin nan sarƙa ce ko doguwar gora a bakin ƙofa, da tsoho mai tocila.

Kati, tikiti da layi

Ɗan ƙungiya na da katin shaida, motarsa kuma na da sitika a gilashi. Yana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, sannan tikiti a duk lodin da ya yi. Kuɗin kwana da na gadi daban ne, kuma ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da darajar taya ɗaya ko batir biyu da ɓarawo zai iya kwancewa cikin minti kaɗan.

Ba kasafai ake korar baƙon direba daga makwanci da dare ba. Zai biya, wataƙila fiye da ɗan gida, ya kwana. Abin da ba zai samu ba shi ne layi. Littafin layi yana hannun sakatare, kuma motar da ta riga shigowa ita ke riga samun kaya. Ga direban da ya sauke siminti yana neman abin da zai koma da shi don kada ya ƙona gas a banza, wannan littafi shi ne ainihin amfanin zama ɗan ƙungiya. Tsallake layi, wato yin lodi a bayan fage, laifi ne da ake cin tara a kai, wani lokaci har a dakatar da mutum.

Sauran amfanin ba a ganinsa sai ranar wahala. Idan mota ta faɗi, reshe mafi kusa ne ke tura mutane su tsare kaya. Idan direba ya buge wani, shugabannin yuniyon ne ke shiga tsakaninsa da dangi da 'yan sanda kafin mai mota ya iso. Idan ya rasu a Ogere ko Mil 12, su ke haɗa kuɗi a yi masa sutura ko a kai shi gida. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, da dakatar da kai abinci da dabbobi kudu da ƙungiyar dillalansu ta yi bayansa, ya nuna wa direbobin arewa yadda mutum ke buƙatar inuwar da zai fake idan gari ya rikice.

Dare a cikin gareji

Ba a ajiye motoci yadda aka ga dama. Tanka tana can nesa da murhun mai shayi da wutar mai walda, kuma ba a yarda a kunna risho kusa da ita ba. Motar da za ta tashi da asuba ana sa ta kusa da ƙofa, wadda ke jiran kayan gyara a tura ta ciki. Kuskure ɗaya wajen jerawa zai sa a tashi direbobi biyar da ƙarfe huɗu na dare don mutum ɗaya ya fita.

Masu shanu ba sa daɗewa. Dabbar da ta kwanta a cikin bodi sauran za su tattake ta, shi ya sa masu rakiya ke zaune a saman katako suna lura, direba kuma ya ɗan kishingiɗa awa biyu ya tashi. Mai albasa da mai tumatir ma agogo suke kallo, domin zafi na cin kuɗinsu. Mai siminti ne da mai tanka ke iya yin barci na sosai.

Direba na kwana a kan mota. Yaron mota, wanda wasu ke kira karen mota duk da cewa ba ya son sunan, yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, kusa da tankin gas, don duk mai son zuƙe man sai ya tsallake shi. Kafin ya kwanta sai ya sa wa tayoyi waigi. Kafin direba ya tayar da mota da safe kuma sai an leƙa ƙasa, domin an sha samun wanda barci ya kwashe a nan.

Kewaye da su akwai ƙaramar kasuwa da ba ta rufewa: mai faci da injinsa, bakanike, mai gyaran lantarki, mai tuwo, mai cajin waya, mai POS, wanzami, da mai gidan wanka da ke sayar da ruwa bokiti-bokiti.

Masu gari da masu mota

Ra'ayin mutanen gari a rabe yake. Mai shago da mai abinci suna son motocin su tsaya a tsakiyar gari, kusa da su. Duk ranar da aka ce za a mai da tireloli wani fili a bayan gari, su ne farkon masu kuka, kuma kukansu na da hujja. Garuruwa irin su Tafa da Mararrabar Jos a jihar Kaduna da cinikin direbobi suka bunƙasa.

Iyaye da malamai kuma wani abu suke hange: 'yan mata masu talla da ke kaiwa dare a tsakanin motoci, ƙwayoyin hana barci da ake sayarwa a ɓoye, da ɗakunan da kowa ya san abin da ake yi a cikinsu. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, damuwarsu motar da aka bari a kafaɗar titi ba fitila, ba alama sai ganyen da aka watsa a kwalta. Ƙaramar mota mai gudu da dare ba ta ganin irin wannan sai ta shige ƙarƙashinta.

Direbobi na da tasu amsar. Filin bayan gari da ba katanga, ba haske, ba jami'an tsaro, a wurinsu ya fi bakin titi haɗari, musamman yanzu da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyuka a jihar Sakkwato. Sun fi son inda idon jama'a yake. Masu motoci kuma na ƙorafin yawan tikiti: na yuniyon, na ƙaramar hukuma, na jiha, ga shingaye a hanya. Duk wani sabon kuɗin kwana, a ganinsu, ƙari ne kan jakar da ta riga ta huje.

A nan gaskiya na tare da direbobi fiye da yadda hukumomi ke yarda. Korar mota daga titi ba tare da an tanadi inda ya fi shi aminci ba, matsar da matsalar ce kawai zuwa gari na gaba.

Inda kuɗi ke kawo rigima

Kuɗin tasha tsaba ne, kullum yake shigowa, kuma ba kowane reshe ke karanta wa 'ya'yansa lissafi ba. Direba na iya shekara goma yana biyan tikiti a filin da har yau ba banɗaki. Kujerar ciyaman ta zama abin nema, 'yan siyasa kuma sun daɗe da gane amfanin matasan tasha a lokacin zaɓe.

A kudu maso yamma abin ya kai ga zubar da jini. Gwamnatin Oyo ta haramta ayyukan NURTW a 2019, daga baya ta naɗa nata masu kula da tashoshi. Legas ma ta dakatar da ƙungiyar daga tashoshinta a 2022. A Sakkwato da maƙwabtanta rigimar ba ta kai haka zafi ba, kuma dattawan tasha na da sauran kwarjini, amma tambayar ina kuɗin ke tafiya ɗaya ce.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu

A Turai da Amurka da Ostireliya akwai mutanen da ke kwana a mota don nishaɗi. Motocin nasu an ƙera su ne da gado, madafa da banɗaki a ciki, kuma da yawa daga masu su tsofaffi ne da suka yi ritaya. Rayuwarsu ta yi nisa da ta direban Kalambaina, amma ƙungiyoyinsu sun fuskanci tambayoyi iri ɗaya.

A Ingila ƙungiyar Caravan Club ta kafu tun 1907, ta ƙara kalmar Motorhome a sunanta a 2017. Wata doka ta 1960 ta ba ta ikon ba manomi ko mai fili takardar izinin saukar da motoci biyar kacal a lokaci guda, na 'ya'yan ƙungiya kaɗai. Irin waɗannan ƙananan masaukai sun haura dubu biyu, ban da manyan da ƙungiyar ke gudanarwa da kanta.

A ƙasar New Zealand ƙungiyar NZMCA, wadda aka kafa a 1956, tana sayen fili ko ta kama hayarsa na dogon lokaci daga ƙananan hukumomi. Ba ta cika gina komai a ciki ba, domin sharaɗin shiga shi ne motar ta kasance da ruwanta da banɗakinta da tankin tara ƙazanta, da takardar da ke tabbatar da haka. Kuɗin kwana kaɗan ne, akwai iyakar kwanakin da mutum zai yi don kada ya mai da wurin gida, masu kula da filin kuma 'yan ƙungiya ne na sa-kai.

Abin lura a wurinsu ba kyan motoci ba ne. Kafin su zuba tsakuwa ɗaya sun riƙe takardar fili da izinin hukuma, kuma kuɗin kwana a filayen ƙungiya asusunta yake shiga, a karanta lissafinsa a taron shekara. Waɗannan biyun ba sa buƙatar arzikin Turai.

Hannun gwamnati da sabuwar hanya

An daɗe ana maganar gina manyan makwantan tireloli na zamani. Hukumar kula da masu safarar kaya ta jiragen ruwa ta yi shekaru tana tallata shirin gina su da haɗin gwiwar 'yan kasuwa a wurare irin su Lakwaja da Obollo-Afor, amma tafiyar ta yi jinkiri. A Legas, cunkoson Apapa ya sa hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙaddamar da tsarin Eto a Fabrairun 2021, inda mota ke jira a gareji mai rajista sai an kira ta ta waya. Ya rage cunkoso, ya kuma kawo sabon kuɗi da sabon ƙorafi.

A ƙarshen 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon fiye da kilomita dubu, wadda ake danganta asalin tunaninta da zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari da ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983. Sabuwar hanya takan kauce wa tsakiyar garuruwa, ta ɗauke musu motoci da ciniki, ta kai su mahaɗar da a yau gonaki ne.

Filayen da ke kusa da irin waɗannan mahaɗu su ne farkon tashi a farashi. Reshen ƙungiya ko ƙaramar hukumar da ke son makwanci a kan sabuwar hanya sai ta nemi filin da takardarsa tun ana share daji, domin da zarar an zuba kankare, masu gidajen mai da dillalan filaye sun riga sun kafa turakunsu.